Kunkurun da Ya Hana Noma

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka ba ni aji uku a wata firamare ta ƙauyen Ɗanbatta ba. An kawo mana darasin tatsuniyoyin ƙasashen duniya. A ƙa'idar aikinmu, sai hedimasta ya duba shirin darasi kafin malami ya shiga aji. Da ya ga na fara da "Ga ta nan, ga ta nanku," sai ya soke da jan biro.

"Malam Habu, nan makaranta ce, ba dandali ba."

Raina ya ɓaci, amma na bi umarni. Na shiga aji da rana tsaka, na zana a allo yadda mutanen Indiya na dā suka ce duniya tana kan giwaye, giwayen kuma suna kan bayan kunkuru. Yara suka kwafe tsaf.

Ba a yi mako ba ƙauye ya rikice. Lokacin noman farko ne, ciyawa tana cin gero, yara kuwa sun ƙi taɓa fartanya, wai kada su sari kunkuru ya motsa kowa ya zube. Wata ɗalibata Hadiza, 'yar mai haƙar rijiya, ta rungume ƙafar ubanta a bakin rami tana kuka: "Baba, za ka huda shi!"

Iyaye suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka kira ni. Wasu suka ce ina ɓata imanin yara, a kai ƙarata ofishin ilimi a kore ni. Hedimasta ya koma gefe, ya bar ni da su. Wallahi na tsorata, don aikin nan shi ne cina, shi ne shana.

Limamin ƙauyen ya saurara, sannan ya ce, "Malam, da ka fara, ka ce musu ga ta nan?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Ƙurunƙus fa?"

"Ban ce ba."

"To, ai labarin naka a buɗe yake har yanzu! Je ka rufe abinka."

Washegari aka tara yara a fili, iyaye na tsaye a baya. Na gyara murya, ni da takardar shaidar malanta, na ce, "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!"

"Af! Ashe tatsuniya ce!" in ji yaran. Da yamma kowa yana gona.

Ku sababbin malamai, ku sani duk abin da alli ya rubuta, gaskiya ce a wurin yaro, sai in kun ba shi alama. Kuma alamar tana da tsada. Da zango ya zagayo na koya musu cewa duniya tana juyawa, amma ba wanda ya ɗauki fensir. Can Hadiza ta ɗaga hannu.

"Malam, muna jiran ƙurunƙus ɗin."