Ƙasan Hoton Baba

Duk wanda ya tashi a Zongon Kumasi a zamaninmu ya san tsohon nan mai hoto da ke kafa akwatinsa mai ƙafa uku a bayan rumfar mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye. Ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Kana zuwa zai cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya daka maka tsawa kada ka motsa, ka jira hoto ya bushe ka kama gabanka. Yana da labule guda da yake ratayawa a bango, an zana ƙofar gari da raƙuma da bishiyar dabino a jiki, ga kuma rawani da babbar riga na aro. Rabin mazan unguwarmu da rawanin nan suka yi hoton neman aure, har da babana.

A ƙarshen 1969 wani malamin zane ɗan Asante ya tono tsofaffin hotunan tsohon daga cikin akwati, ya wanke su manya-manya, ya rataye su a wani zaure a cikin gari domin mutane su kalla. A daidai lokacin ne kuma gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya tattara ya bar ƙasa. Babana a Zongo aka haife shi, a nan yake sayar da goro tun yana saurayi. Mahaifinsa ne ya zo daga wajen Nijar. Amma takarda ko ƙyalle ba shi da ita, don a zamanin haihuwarsa ba a rubuta kowa ba.

Ni a lokacin ɗinki nake yi, kuma ni kaɗai ce mai karanta Turanci a gidanmu. Na je kallon hotunan da murnata, na ma sa sabon zane. Ina shiga na hango Baba a bango, ƙato, ya sha rawani ya haɗe rai kamar mai jiran a biya shi diyya. Dariya ta kama ni. Sai na karanta abin da aka rubuta a ƙasa: wai ɗan kasuwa a ƙofar garinsu, kafin ya zo Kumasi.

Na san hoton nan kamar tafin hannuna, don ƙaraminsa ya daɗe a ɗakin Mma, mahaifiyata, kafin ruwa ya ci shi. Labulen bai kai ƙasa ba. A ƙarƙashinsa ana ganin ƙafafun Baba cikin silifa, da kwatar layinmu, da gefen kwanon mai dokunu. Malamin ya sa farin kwali ya rufe duk wannan, ya bar raƙuma.

Na same shi yana zagayawa da wasu baƙinsa. Na danne zuciyata, na fara da roƙo da Twi, yarensu na Asante, na ce, "Ticha, mepa wo kyɛw, wannan babana ne. Bai taɓa fita Ghana ba. Wannan ƙofa labule ne."

Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Murmushi ya yi, ya ce ai ya sani, shi ya wanke hoton da hannunsa. Kwatar ce take ɓata kyan abin. Kuma yana son mutanen gari su ga cewa waɗanda ake korar nan suna da asali, suna da daraja, ba daga sama suka faɗo ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutum yana yanka ka yana kallonka da idon tausayi, ta ina za ka fara faɗa da shi? Na ce ya cire kwalin, ko ya sauya rubutun. Ya ce in an rufe baje kolin za mu yi magana, sister.

Daga nan na wuce wurin tsoho mai hoto, don hotonsa ne, maganarsa za ta fi tawa nauyi. Na tarar ya sa wankakkiyar riga yana zaune, mutane suna tsayawa suna gaishe shi, abin da bai taɓa samu ba.

"Ɗiyana," ya ce, "tun ban da furfura nake wannan aiki, ba wanda ya ce mini sannu. Yau sunana yana bango a cikin gari. Ki bari mana."

"Baba mai hoto, ana kora mutane fa."

"Wa zai kori mutum don labule?"

Na dawo gida ina huci, na kwashe komai na faɗa wa Baba. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi. Na ce alhamdu lillahi, yau za a yi ta. Muka shiga, ya tsaya gaban hoton ya daɗe, hannu a baya. Can ya juyo yana murmushi ya ce, "Kai, ashe na yi kyau." Ya ma yi wa malamin godiya da Twi, Twi ɗin da ya fi na malamin daɗi. Na fita na bar su, don in na tsaya zan yi abin da za a daɗe ana ba da labari.

Ba a jima ba magana ta isa kasuwa. Akwai wani da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan rumfar Baba, shi ya riƙa bi yana cewa ya gani da idonsa, hoton mutumin a ƙasarsu yana rataye a gari, har da raƙumansa. Waɗanda suka yi wasan ƙasa da Baba suka yi shiru, kowa na tsoron a juyo kansa. Na koma zauren har na gaji da hanyar. Wata rana malamin baya nan, wata rana ya tafi Accra, wata rana mai gadi ya ce ba shi da iznin taɓa komai. Har almakashina na taɓa ɗauka a jaka, na tsaya gaban gilashin, na kasa.

Ba zan ce hoton ne ya kori Baba ba. An kori dubban da ba su taɓa tsayawa gaban labule ba. Amma na san ranar da ya daina musu, ranar da wani yaron da ya goya ya tambaye shi yaya garinsu yake. A farkon 1970 ya hau motar goro mai zuwa arewa, ya ce gara ya tafi da ƙafarsa kafin a ɗora shi. Mma da mu ya bar mu, don ita 'yar Dagomba ce, ba mai taɓa ta. Har yau in na tuna yadda ya riƙe buta yana neman wurin zama a kan buhuna, raina ɓaci yake yi.

Da aka rufe baje kolin, malamin ya cika alkawari. Ya aiko mini da hoton har gida, a cikin gilashinsa, da gaisuwa. Na jingina shi a bayan keken ɗinki, fuskarsa na kallon bango.

Bayan damina direban motar goron ya biyo ta gidanmu. Ya ce ya ga Baba, yana nan lafiya wurin wasu dangin mahaifinsa, sai dai suna yi masa dariya wai Hausarsa ta karye.

"Ya ba ni saƙo wurinki," in ji direban. "Ya ce ya duba ko'ina, bai ga ƙofar nan ba. Ya ce ki aiko mashi hoton, amma ki cire kwalin ticha. Kwatan ne yake so ya gani."

Na juyo da hoton, na ɓalle ƙusoshin bayansa da almakashi, na cire kwalin. Komai yana nan yadda na san shi, silifa da kwata da gefen kwano. Na naɗe shi a cikin sabon zanen da na sa ranar farko, na miƙa wa direban, na ce kada ya bari ruwa ya taɓa ƙasan.