Sabon Kan Salansa a Motar Gona

Har gobe ban manta da ranar da na fita da Hajiya Babba a motar gona ba, ranar da saura ƙiris in kasa dawo wa Alhaji da mahaifiyarsa. A azumin farko ne bayan an cire tallafin man fetur, lokacin da kowane direba a Kano yake tuƙi ido ɗaya a kan titi, ɗaya a kan allurar mai. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ina so ku ji yadda abin ya faro, domin daga kasuwar kayan mota ya faro tun kafin a kai kan hanya.

A lokacin ina tuƙi a gidan Alhaji Mamman a Nassarawa GRA. Yana da direban ofis daban. Ni motar gona ce a hannuna, wata a-kori-kura mai gida biyu, wato mai kujeru gaba da baya, mai shan fetur, wadda nake kai taki da ita in ɗauko hatsi. Ta kwana biyu a duniya amma ba ta da ƙorafi, sai da ta fara wata ƙara da safe kamar ana buga ƙusa a kwano, in inji ya yi zafi ta ragu. Na kai ta wajen Oga Garba a Kawaji, wanda shi ne makanikenmu tun ana sabuwa. Ya saurara, ya leƙa, ya ce kan salansa ne ya tsage.

Ga wanda bai san inji ba, kan salansa shi ne ƙarfen da ake ɗaure wa a jikin inji da notuna, yana karɓar hayaƙi daga kowace silinda ya haɗa shi a bututu ɗaya, ya miƙa wa salansa ta fitar ta baya. Makanikai suna ce masa manifol. Duk zafin da inji ya amayar, shi ne farkon mai karɓa. Oga Garba ya ce na motarmu ƙarfen zubi ne, ba ya riƙe walda sosai, in an toshe nan gobe can zai buɗe. Sai dai a sauya.

Na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Malam Isuhu, kai kake kwana kake tashi da motar nan. Ku je kai da Garba ku zaɓo abin da ya dace."

Muka tafi Ƙofar Ruwa. Iri uku aka shimfiɗa mana. Akwai na kamfani tsoho, ɗan Beljiyam, baƙi, mai nauyi kamar turmi, da tsatsa a jikinsa. Akwai wanda masu walda ke haɗawa a nan gida, wannan ko kallo na biyu Oga Garba bai yi masa ba. Sai na ukun, sabo fil a kwali, farin ƙarfe yana walƙiya, kowace silinda da nata dogon bututun, sun lanƙwaso kamar yatsun hannu sun haɗu a ƙasa. Mai shagon ya ce da irin wannan hayaƙi ba ya cunkushewa, inji zai yi numfashi sosai, mota ta ƙara ƙarfi, shan mai kuma ya ragu. Da ya ga ina jujjuya tsohon, sai ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan ai sa'anka ne, ku bar juna ku huta."

Ba da ka muka zaɓa ba. Oga Garba ya gwada lambar inji, ya ƙirga ramukan notuna, ya duba inda ake ɗaura sansa, 'yar na'urar da ke auna hayaƙi, duk suka yi daidai. Abu ɗaya ya ɗan tsaya a kai: farantin da ke mannuwa da jikin inji bai kai na tsohon kauri ba, bututun ma da ya ƙwanƙwasa sai ya ji shi shafal. Mai shago ya ce ai haka ƙarfen zamani yake, ƙarfinsa ba a nauyi yake ba. Muka dubi juna. A shekarar nan duk wanda ya ce maka zai rage maka shan mai, ya gama da kai. Muka yi bisimilla muka ɗauki sabon.

Wajen ɗaurawa aka sami 'yar matsala. Dogayen bututun sun fi na asali cin wuri, sun matso kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin mutane. Akwai wani farantin gwangwani a wajen da ke tare zafi, ya hana su zama, sai Oga Garba ya cire shi ya ce in an sami lokaci za a yanka a mayar. Aka tayar da mota, ƙarar nan ta ɓace, muryarta ta yi kauri. A hawan gada ma na ji ta fi da. Alhaji ya ji daɗi, ni ma na ji.

Muka yi watanni a haka. Da azumi ya kama, sai na fara jin ciwon kai in na yi doguwar tafiya. Ban kawo komai ba, ga zafin bazara ga ƙishirwa, kowa ma kansa ciwo yake. Kuma saboda tsadar mai na daina kunna esi, kullum gilasaina a sauke suke, iska na shiga tana fita.

Hajiya Babba tana da al'adar kai hatsi garinsu kowane azumi, can gaba da Gezawa, ta raba wa dangi da hannunta. Tsohuwa ce mai tsabta da son ƙamshi. Ba ta shiga motar da aka ɗauki taki sai an wanke an turara, don haka da safen aka shiga da kasko aka rufe ƙofofi, turaren wuta ya kama kujeru har rufi. Aka loda buhuna. Alhaji da kansa ya riƙo hannunta ya sa ta a baya, ya leƙo ya ce mini in ɗage gilasai in kunna mata esi, kada in ji tsoron mai. Sannan ya ce, "Amana ce, Malam Isuhu." Na ce Allah ya ba mu ikon riƙewa.

Muka kama titin Haɗeja da hantsi. Har muka wuce 'Yankaba tana yi mini hira, tana tambayar iyalina, tana faɗan yadda 'yan adaidaita ke tuƙi. Daga nan hirar ta ragu, ina jin ƙarar carbinta kawai. Can kuma carbin ya yi shiru. Na ce a raina barci ne, tsohuwa ce ga azumi. Kun san tarbiyyarmu, direba ba ya juyawa ya ƙare wa uwar maigidansa kallo, ba ya kuma tashin ta daga barci ba dalili.

Ni kuwa kaina ya fara sarawa fiye da kullum, kamar an ɗaure mini goshi da waya. Hannuwana suka yi nauyi a kan sitiyari. Na shaƙi iska ko zan ji wani wari, ba abin da na ji sai turare. Sai na kama karatu a zuci kamar yadda na saba in barci ya so ya sace ni, wata sura da na haddace tun ina makarantar allo, wadda ko cikin zazzaɓi ban taɓa tuntuɓe a cikinta ba. Na kai tsakiya sai aya ta ɓace mini. Na koma farko, na sake zuwa wajen, ta sake ɓacewa. A nan tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba a kan titi. Na san barci, na san gajiya, wannan ba su ba ne. Abin da ya zo mini shi ne mutuwa ce ta iso, kuma za ta ɗauke ni ina riƙe da sitiyari, da uwar mutane a baya.

Na ce, "Hajiya." Shiru. Na ƙara ɗaga murya, shiru. Na dubi madubi, sai na ga kanta ya langaɓe jikin gilashi, mayafinta ya zame, bakinta a ɗan buɗe.

Na san na nemi birki, amma ƙafata kamar ba tawa ba. Motar ta sauka gefen titi, ta goga jikinta da bakin wata kwalbati, ta tsaya. Na buɗe ƙofa na zubo ƙasa. Da rarrafe na kai ƙofar baya na buɗe, amma ba ni da ƙarfin ɗaga ta. Allah ya sa akwai famfon tuƙa-tuƙa kusa, da mata suna ɗiban ruwa. Na ɗaga musu hannu, murya ta ƙi fita. Su suka rugo suka ciccibe ta zuwa gindin darbejiya, suna yayyafa mata ruwa suna salati, ni kuma ina kwance a ƙasa ina kallon tafin ƙafarta ko zai motsa. Ban san tsawon lokacin ba. Daga baya ta yi tari, ta yi amai, ta buɗe ido. Abin da ta fara tambaya shi ne ko an sha ruwa. Da ƙyar matan suka lallashe ta ta kurɓa, tana cewa ita ba ta taɓa karya azumi a kan hanya ba.

Wani mai faci ya ɗauki wayata ya kira Alhaji. Da ya iso da direban ofis, abin da ya gani shi ne motarsa a kwalbati, mahaifiyarsa a kwance a tabarmar mutane, ni kuma idanuna jajur, harshena yana harɗewa, ina tangaɗi. Ban ga laifin abin da ya zata ba. Amma a gaban jama'a ya faɗa, da ya dawo gida kuma ya maimaita a bakin get, gaban maigadi da kuku da mai shara: "Da furfurarka, cikin azumi, ƙwaya kake sha? Ashe ɗan maye na ba uwata?" Ya karɓe makulli.

Na koma ɗakina a Gama. Kwanakin nan sun fi na kan titi tsanani. Hajiya tana asibiti, ba wanda zan tambaya yadda take. Wanda ya dawo da motar gida da gilasai a sauke ya tuƙo ta, ya ce lafiyarta ƙalau. Sai na fara zargin kaina: ko farfaɗiya ce ta kama ni da tsufa, ko wani ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ko Hajiya buguwa ta yi saboda ni. Duk sallamar da aka yi a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce ko rasuwa aka zo faɗa mini, ko 'yan sanda ne.

Likitan da ya duba Hajiya ne ya warware. Da ta gaya masa tun kafin motar ta sauka daga titi ta fita hayyacinta, sai ya tambaya ko gilasai a rufe suke, ko direban ma ya jigata. Ya ce mutum biyu ba sa suma tare a rufaffiyar mota sai da dalili, a duba salansa. Ya ce a hayaƙin mota akwai wata iska mai guba wadda ita kanta ba ta da wari, warin sauran hayaƙin ne ke tona ta, shi kuma turare ya danne.

Oga Garba ya hau da motar kan rami. Shi ya ba ni labari da bakinsa. Farantin nan marar kauri zafi ya lanƙwasa shi, ya bar kafa a jikin inji. Waldar da ta haɗa bututun ta tsage ta baya, inda ido ba ya kai wa, duk wajen ya yi baƙi da kunkunniya. Robar da ke toshe ramin da wayoyi ke bi su shiga cikin mota kuwa ta narke, tunda gwangwanin da ke kare ta yana can a jingine a garejinsa. Hayaƙi daga tsagar kai tsaye yake shiga ƙarƙashin ƙafafuna. Ya koma Ƙofar Ruwa ya ɗauko baƙin nan ɗan Beljiyam, ya mayar da gwangwani, ya sa sabuwar roba.

Ba na cewa duk sabon kan salansa mugu ne. Akwai masu kyau, masu kaurin faranti da walda mai kyau. Amma in za ku zaɓa, bayan lambar inji da ramukan notuna, ku ɗaga ku ji nauyi, ku dubi kauri, ku tambayi abin da za a cire kafin ya zauna. In aka ce sai an cire wani abu, ku tsaya nan. In kuma kanku ya fara ciwo a mota ɗaya kullum, ku sauke gilashi ku nufi gareji, kada ku ɗora wa azumi.

Hajiya ta warke. Aka aiko maigadi ya kawo mini makulli, ya ce Alhaji ya ce in dawo aiki. Na dawo. Albashina bai yi ciwon kai ba, har kayan sallah aka ƙara mini, amma maganar nan ba a taɓa ta ba. Alhaji in ya gan ni sai ya kawar da kai ya kama waya. Ni ma nakan gaishe shi in wuce. A bakin get kuwa, wasu sun ji bayanin likita, wasu abin da suka ji da farko shi ya zauna musu.

Sai da shekara ta zagayo, Alhaji zai tafi aikin Hajji. Kun san mai niyya yakan bi mutane ya nemi yafiya. Ya bi 'yan uwa da abokan kasuwanci, ni dai ban sa rai ba. Ranar da zai shiga sansanin alhazai, mun idar da sallar azahar a masallacin ƙofar gida, sai ya ce kada kowa ya tashi. Ya sa aka kira kuku daga ciki. Ya matso ya zauna a tabarma gabana, gwiwarsa na taɓa tawa.

Ya ce, "A nan na faɗa, a nan zan janye. Malam Isuhu ba ya shan komai, ni na yi masa ƙazafi. Ba zan iya tsayawa a Arfa da haƙƙinka a wuyana ba. Ka yafe mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, uwa ce. Ko ni ne abin da zan faɗa ke nan. Na yafe duniya da lahira."

Ya riƙe hannuna bai saki ba, har maigadi ya sunkuyar da kai. Da ya miƙe, sai ya ce Hajiya tana son zuwa garinsu kafin ya dawo, kuma ta ce ba wanda zai kai ta sai ni.