Labbo Bai Tuɓe Riga Gaban Surukinsa Ba

Bana shekara goma sha tara ke nan da gulbin Rima ya karɓe mana Labbo. Ɗan ƙanwar mahaifina ne, taubashina, kuma a duk Magarya ni kaɗai nake zaginsa ya rama. Kowace shekara idan ruwa ya cika nakan yi masa addu'a in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama, kuma abin da ya tayar da shi abin dariya ne ga tsoho irina. Fim ne.

Ina gidan 'yata a Sakkwato jikoki suka kunna wani fim na Turawa, suka ce na ban tsoro ne. Ba a yi nisa ba na gane labarin. Na taɓa ganinsa a wata silima a Yamai, lokacin ina saurayi ina fataucin fatu, da Faransanci. Wannan sake shi aka yi da Ingilishi. Babu aljani a ciki, babu dodo. Wani malamin makaranta ne motarsa ta lalace, wani mutum mai fara'a ya rage masa hanya. Tun da wuri malamin ya ga an saki hanyar garinsu. Ya ga ƙofar gefensa ba ta buɗuwa ta ciki. An tsaya shan mai, mai motar ya zagayo ya buɗe masa, ga jama'a, ga damar tafiya. To amma mutumin ya saya masa shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, da wane ido zai ce ba ya komawa? A tsohon fim ya koma ya zauna, har da godiya, ba a sake ganinsa ba. A sabon kuwa ya watsa wa mutumin shayin a fuska ya ruga. Jikoki suka hau tafi. Ni na fita tsakar gida ina kai da kawowa, har 'yata ta tambaya ko hawan jini ne ya tashi.

Na zauna da mutane iri-iri. A Kartum mai gida zai yi ta rantsuwa sai ka ci abin da cikinka ya ƙi. Fulanin da muka yi maƙwabtaka da su wajen Gandi, yaro zai kwana da yunwa bai ce yana ji ba. Bafaranshe kuwa yana murmushi zai ce maka a'a, ya ci gaba da shan gahawarsa. Ban ga inda aka kai mutanenmu ɗaure mutum da kara, wato kunyar cewa a'a, ba, kuma a cikinmu ban ga wanda ta ɗaure kamar Labbo ba.

Lokacin da noman rani ya kankama a fadamar Wurno, ya samu fili yana albasa da tafarnuwa. Ruwa bi da bi ake sha, yau kai gobe wani. Ranar Labbo ranar kowa ce. Wannan ya ce shukarsa ta yi yaushi, wancan ya ce gobe yana da jana'iza, Labbo ya ce ba komai. Na dawo daga tafiya na tarar da albasarsa kamar 'ya'yan goro, na ce, "Kai bawana, gona ta kaka yi ko masallaci, kowa shi shigo shi yi alwala?" Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai da ba ka san hannun kwasar noma ba, ɗan yawon duniya! Tahi ka koya ma Larabawa noma." Da ni bakinsa a buɗe yake, har ya fi nawa kaifi. Abin da ke cina ke nan. Mutumin ya iya magana, ya kuma iya gardama. Amma da zarar ya ga furfura sai harshen ya naɗe.

Ina Jidda abin ya faru. Waɗanda suka tsira su suka ba ni labari, kuma bakinsu bai saɓa ba. Tun da aka yi madatsar Goronyo gulbi ya sake hali. In ta cika dole a rage mata ruwa, sai mashigin da ka sani jiya ka zo yau ka tarar ya zama wani abu. Labbo ya je ƙauyen surukansa da ke tsallake, za su rankaya wajen wani bikin suna tare da Alhaji Dikko, mahaifin matarsa Kulu. Ranar ta dace da cin kasuwa. Jirgin ya sha buhuna, ga babur an kwantar a tsakiya, ga awaki, ga mutane har baki. Labbo a gulbi ya girma. Ya tsaya a tudu ya ce wa wani na kusa da shi, "Jirgin ga ya yi nauyi. Bari shi kai shi dawo." Sai Alhaji Dikko, da ya riga ya zauna, ya ɗago murya cikin mutane: "Malam Labbo, taho mana, ga wuri nan kusa gare ni."

Duk wanda ya san ruwa, kafin ya shiga jirgi irin wannan, tuɓe babbar riga yake yi ya naɗe ta ya ɗora a kai. Labbo ya san haka, shi ya koya mini. Amma suruki ba ya tuɓe riga gaban uban matarsa, kamar yadda ba ya cin abinci gabansa ko ya kama sunansa. Ya cire takalma ya riƙe a hannu, ya shiga da rigarsa ta shadda, ya durƙusa gefen tsohon kansa a ƙasa. A tsakiyar gulbi akuya ta zabura, mutane suka karkata gefe guda, jirgin ya kife. Labbo ya cafko tsohon ya ja shi har ya kama ciyawar gaɓa. Shi kuwa rigar ta sha ruwa ta naɗe masa ƙafafu.

Na san ajali ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Na kuma san malamai sun ce kunya yankin imani ce. Amma malaman nan dai su suka karantar da mu kada mutum ya jefa kansa ga halaka, ban kuwa taɓa jin an karanto wannan wajen zaman makoki ba.

Alhaji Dikko ya rayu shekaru bayan haka. Da na dawo na je gaishe shi, na same shi a zaure ya rame. Ya sallami kowa, sannan ya ce, "Ka san ni ma na gani? Tun kahin in kira shi na ga ruwa na lasar bakin jirgi. So nika yi shi matso shi ce, Baba, sauko. Da ya hwaɗi, wallahi da na sauka. To ya shigo bai ce komi ba. Ni kau na riga na kira yaro cikin mutane, in tashi in sauka a ce tsoho ya ji tsoro, ya bar ɗan mutane ciki?" Ya share ido da gefen rawani. "Shina jin kunyata, ina jin tashi. Hakanan munka tahi."

Wannan maganar ce ta hana ni sakat da na ga fim ɗin. Turawa sun sa mugu a bayan sitiyari, don haka da malamin ya watsa shayi kowa ya huta. A jirgin Labbo babu mugu. Mutum biyu ne masu son juna, kowa ya ga abin da ɗayan ya gani. Wa za a watsa wa shayi? Da Labbo zai ga jikokina suna tafi, na san abin da zai ce: "Wanga yaro ba shi da tarbiyya, ko ban kwana bai yi ba." Kuma rabin maganar da gaske yake.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda dangi ke ba da labarin. An mai da shi kirari. Ana gaya wa yara kakansu ya rasu bai tuɓe riga gaban surukinsa ba, ana girgiza kai cikin sha'awa. Kulu kaɗai ba ta tankawa. Ta taɓa jawo ni gefe ta ce, "Yaya, ga Nasiru ya yi aure tsallake, kuma ubanai na sak. Kai aka jin maganarka." Nasiru shi ne babban ɗan Labbo, har tafiyarsu ɗaya, har sunkuyar da kai. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba kowane gado uwa ke so ba. Na yi masa magana ba sau ɗaya ba. Kullum amsarsa, "To, Baba." Ban san ko ya ji ba, ko ni ma kunyata yake ji.

Makon da ya wuce na kasa haƙuri na tafi Magarya, na bi Nasiru zuwa kasuwar Goronyo, muka biya ta ƙauyen surukansa. Mashigin yana nan, jirgin yanzu da inji, lodin kuwa bai sake zani ba. Surukinsa Malam Altine ya riga ya hau buhu ya zauna. Ya hango mu ya ce, "Nasiru, ku taho, a matsa ma baƙo!" Na dubi yaron, ya dubi bakin jirgin. Sai ya cire takalma ya gangara har ruwa ya kai masa ƙauri, ya durƙusa, ya ce, "Baba, a yi mani haƙuri, ina da magana da kai. Ba ta cikin mutane ba ta." Tsohon ya yi tsaki, ya miƙo sandarsa, aka kama shi ya sauko.

Jirgin ya tashi da sauran mutane, ya kuma tsallake lafiya. Muna kallo suka sauka suka kama harkarsu. Malam Altine ya ce, "To, ga mu. Mi an nan?" Nasiru ya sosa ƙeya, ya tambaye shi ko kuɗin taki zai sauko bana. Tsohon ya dube shi, ya dubi gulbi. Sannan ya zauna a kan tudu ya ɓare goro ya miƙo mini rabi, ya ce, "Taki kam sai addu'a."

Hankalina bai kwanta ba, don jirgin ya tafi cike da 'ya'yan wasu, gobe ma haka zai tafi. Amma in an tambaye ni abin da ya rage na Labbo, ba zan ce gona ba, an raba ta, ba kuma zan ce kirarin riga ba. Ladabinsa ya rage, yana nan cur a jikin ɗansa, bai ragu da ƙwayar gero ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yaron ya samo yadda zai ce a'a yana durƙushe. Allah ya jiƙan Labbo, ya jiƙan Alhaji Dikko, ya sada su inda ɗayansu zai iya fara magana.