Shekara Shida Bayan Yaya Lawal: Haruffa Takwas Zuwa Maraɗi

Shekara shida ke nan cif da 'yan bindiga suka tare yayana Lawal a hanyar daji tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, suka kashe shi da aiken mutane a aljihu. An rufe iyaka a lokacin, shi kuma ya riga ya karɓi amana, don haka ya bi ta daji.

Sana'arsa ke nan tun muna yara. Ka ba shi naira a Magama, ya miƙa wa ɗan'uwanka sefa a Maraɗi kafin la'asar. Ba takarda, ba sa hannu, fuskarsa ce shaida. Yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa tsiya a kanta: ba ya miƙa kuɗi a tsaye. Sai ya zauna, ya sha ruwa, ya isar da gaisuwa, ya ji wa ya haihu, wa ke kwance, sannan ya sa hannu a aljihu. In na ce ɓata lokaci ne, sai ya ce, "Kai yaro na. Kuɗɗin da ba su taho da gaisuwa ba, jefo maka su anka yi."

Bayan takaba, matarsa ta koma gidansu a Maraɗi da 'yarsu Dije. A watan jiya aka sa ranar auren Dije, kuma ni ne waliyyi. Na fara shirin tafiya, sai ga wayarta.

"Baba, kak ka taho. Hanyar da ta ci babanmu ba ta ƙoshi ba. Ka wakilta kawu, gudummuwar kuma ka aiko ta banki."

Na so in yi gardama. Ban yi ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, kuma gaskiyar magana na ji sanyi da ta hana ni. Wannan sanyin ne har yau nake jin kunyarsa.

Na je banki a Katsina. Ma'aikaciyar ta ce lambar asusu kaɗai ba ta tsallake iyaka, sai da lambar shaidar bankin can, wadda duk duniya ke gane shi da ita. Haruffa takwas ne: huɗu na banki, biyu na ƙasa, biyu na garin da hedikwatarsa take. Dije ta turo, na kwafa ɗaya bayan ɗaya kamar mai rubuta laya. Na tambaya ina Maraɗi a ciki. Ma'aikaciyar ta ce babu. Kuɗin za su bi ta Legas, su ratsa wani banki a Turai, su sauka Yamai, kana su gangaro, kowa yana gutsurar nasa. Kwana tara suka yi. Tafiyar da Yaya ke yi a kan babur ya dawo ya ci tuwon dare a gida.

Me zai ce da ya ga haka? Ina jin ba bankin zai zaga ba, don bankin ya cika alkawari, kuɗi sun isa. Ni zai kalla. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar tawa na naɗe ta. Ba ni kaɗai ba ne. Mutanen Bugaje da Gangara da yawa sun bar gonakinsu, balle su tsallaka biki. 'Ya'yanmu da na can sun fara sanin juna da murya kawai, kuma ban ga alamar abin zai gyaru muna raye ba.

Me ya rage na Yaya Lawal? Babur an sayar, sana'ar ta bi shi kabari. Na ɗauka aƙalla ɗabi'ar ta rage a hannuna. Ranar da na je aika kuɗin, a takardar banki akwai gurbin da ake rubuta dalilin aike. Na rubuta: "Ina gaida Dije da mahaifiyarta, Allah ya sanya alheri."

Ma'aikaciyar ta karanta, ta ce, "Baba, yi haƙuri, gaisuwa ba dalili ba ce. Za su maido kuɗin."

Ta ba ni sabuwar takarda. Na rubuta "tallafin iyali", na sa hannu a tsaye.