Ɗan Farin Inna

A gidanmu na Mairuwa ban taɓa jin sunan yayanmu a bakin Inna ba. Ɗan fari ne, kuma Inna tana da kunya irin ta mutanen da. "Wanga yaro" take ce masa. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango.

Da ya gama karatun lauya a Zariya, kai kawai ta gyaɗa. Ya yi majistare a Ƙanƙara, ya hau babbar kotun jiha, mutane har daga Damari suna zuwa barka, ita kuwa tana tsince wake. Abin yana ba ni haushi, don ni ce auta, kuma bakina ba ya shiru. Yaya ba ya magana, amma na san yana cinsa. Ya taɓa ce mini, da furfurarsa, bai san ko Inna ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Da aka naɗa shi alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, na ce sai ta je Abuja rantsuwa.

"Mi zan tahi yi?" in ji ta.

Na yi ta naci har ta ɗauki mayafi.

A Abuja, a ƙofar zauren rantsuwar, wani ma'aikaci ya tare mu. Ya dubi Inna da ladabi ya ce, "Hajiya, baƙin wane alƙali ne?"

Na buɗe baki zan faɗa, ta damƙe mini hannu. Na ce a raina shi ke nan, gida za ta ce mu koma. Sai ta ɗaga kai, ta nuna can cikin baranda inda sababbin alƙalai suka jeru da rigunansu.

"Ka ga dogon can? Sunanshi ba ya hita bakina. Amma ni na haihe shi. Ɗana ne."

Ba a hankali ta faɗa ba. Duk barandar ta ji, har shi. Ya cire tabarau yana goge ido, mutumin da lauyoyi ke shakkar kallonsa.

Ranar na ga rantsuwa, na ga manyan ƙasa, kuma wallahi na yi alfahari. Amma da muka fito na tambaye shi yadda ya ji da aka rantsar da shi, cewa ya yi, "Auta, ke ma kin ji abin da ta ce?"