Ɗanɗanon Zoɓo a Plumstead

Wani Bature a wurin aikina ya ba ni labarin yadda suke rufe kwalaben giyar inabi, su ɗanɗana, su canki ƙasar kowacce. Mu ba ma sha, sai na gwada da zoɓo.

Na dafa kala uku: na Kano, na Sudan, da na 'yan Jamaika daga kasuwar Deptford. Na ɗaure wa maigidana idanu da ɗankwalina, shi mai cika bakin cewa harshensa ba ya kuskure.

Ya kurɓi na Jamaika, ya lumshe ido a ƙarƙashin ɗankwalin. "Wallahi wannan na gida ne!"

Na Kanon kuwa ya ture shi. "Wannan a mayar wa mai shago."

Alhali na Kanon mahaifiyarsa ce ta aiko mana da shi. Har yau da wannan nake rufe masa baki.