Yawon Neman Firaima

Taman Melati, ƙarfe 6:15 na safe

Ana sallame sallar asuba na fito, gari bai waye ba. Saura wata huɗu in kare kundin digirina na uku, kuma bizata tana hannun makaranta ana sabunta ta. Mai hankali a irin wannan hali ɗaki yake zama ya yi karatu. Ni kuwa na fita aiken surukina.

Baba Sale maharbi ne, yana da lasisinsa, birai yake kora daga gonakin garinsu. Harsashi ya yi tsada, shi ya sa yake tara kwanso yana sake cikawa. Akwai wani ɗan maɓalli a gindin harsashi, shi ke tada wuta, kuma danna shi da hannu ya fara gagarar yatsun tsoho. Wani maƙwabcinsa ya gaya masa Turawa na da ƙarfen yin wannan aiki, wai firaima. Sati biyu yana aiko min da saƙon murya: yau na riƙewa a hannu yake so, gobe na ɗaurewa a teburi, jibi ya koma na hannu, don wai shi ne mutum ke jin shigar abin a tafinsa. A wajen Baba ƙasar waje kasuwa ce guda ɗaya, kana sauka daga jirgi sai ka tambayi layin 'yan bindiga. Ban taɓa ce masa a'a ba. Na rubuta sunan da Turanci a takarda na sa a jaka.

Setapak, ƙarfe 6:50

Minti ashirin a bas. Na sami Sagir a shagon mamak, wato wajen shayin Indiyawan nan Musulmi. Sagir dillali ne, ɗan Kano, shekararsa tara a nan. Boleh ake ce masa, domin ko kan giwa ka nema zai ce boleh, ma'ana zai yiwu. Ya ci gurasarsu ta roti biyu da shayi a aljihuna, ringgit shida na kuɗin ƙasar, sannan ya dubi takardar a karkace.

"Firaima? Boleh lah, Dakta. Wannan ai small thing ne. Kai dai kar ka yi dogon bayani, za su ƙara maka kuɗi."

Ban tambaye shi ko ya san mene ne ba. Laifina ne wannan, ni mai digiri biyu.

Ƙarfe tara daidai ya kai ni shagon wani Basine. Mutumin ya karanta takardar, ya shiga ciki, ya fito da gwangwanin farin fenti da burushi mai gungura. Ashe fentin da ake fara shafa wa bango shi ma firaima ne. Na ce ba shi ba ne. Boleh ya juyo yana yi min kallon wanda bai san kaya ba, ya ce asalin masu abin suna Brickfields.

Brickfields, ƙarfe 10:40

Jirgin ƙasa ya kai mu babbar tasha cikin minti ashirin da biyar, a tsaye muka tafi. Muka tsallaka titi, ƙamshin turare da kori ya tare mu. Masanin nawa ya shige gaba yana tafiyar masu gari, bai tsaya ko'ina ba sai shagon kayan kwalliya. Wata Ba'indiya ta zaunar da ni gaban madubi da gemuna, ta jera min kwalabe bakwai, tana tambayar ko fuskar madam mai maiƙo ce. Abin da mata ke shafawa kafin hoda, shi ma firaima. Kunya ta hana ni fita hannu rabbana, na sayi ƙaramar kwalba ɗaya, ringgit goma sha takwas.

A nan haushi ya kama ni. Na shiga shagon ƙarafa na kusa, na sami wani dattijo mai farin gashin baki. Na zaro biro na zana masa harsashi a ƙasan takardar, na nuna gindin, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ɗalibi ne kai?"

Na ce eh.

"Yarona, a ƙasar nan harsashi ɗaya a aljihu ya isa ya kai mutum kurkuku. Kai baƙo, kana bin shaguna kana neman ƙarfen haɗa shi? Mutum nawa ka nuna wa takardar nan?"

Na waiwaya in ji me Boleh zai ce. Yana can bakin titi da waya a kunne, wayar da ban ji ta yi ƙara ba. Ya ɗago min hannu, ya sha kwana. Shekara tara a gari, abin da ya iya ke nan.

Ƙofar tasha, ƙarfe 12:10

Da na yi hankali da na yaga takardar a shagon. Ruɗewa ta sa na cusa ta a jaka. A ƙofar tasha 'yan sanda biyu na duba takardun baƙi. Na miƙa katin makaranta da wasiƙar biza. Babban ya ce in buɗe jaka. Ya ɗauko kwalbar, sannan ya warware takardar. Karatun shekara huɗu, matata Hauwa da 'ya'ya biyu a gida, duk sun taru a tafin hannun mutumin nan.

Ya dubi rubutun, ya dubi kwalbar, ya dubi zanen. Sai ya kira abokinsa yana dariya.

"Firaima ka samu. Jan-bakin fa? Ka manta?"

Zanena ne ya cece ni, don munin da ya yi. Harsashina ya fito sak jan-bakin mata. Na ce masa kalar da matata take so ta ƙare. Ya miƙo min kayana ya ce miji nagari, in wuce.

Gida, ƙarfe 1:30

Takardar ta ƙare a kwandon tasha, gutsi-gutsi. Hauwa ta ji labari ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta ce in kira mahaifinta yanzu, tana tsaye. Safiya ce a wajensu. Na gaishe shi, na tambayi gona, sannan na ce, "Baba, abin nan ba zan sayo ba. Ba a yin haka a nan, ɗaure ni za a yi."

Sai ya ce, "To karatun nan naka na mene ne, ɗan ƙarfe ya gagare ka?" Ya kashe waya.

Maganar ta yi min zafi, ba zan ɓoye ba, kuma har yau a taƙaice yake amsa gaisuwata. Amma a ɗakina na yi la'asar ranar, 'ya'yana na hawa bayana ina sujada. Na gode wa dattijon shagon ƙarafa da ko sunansa ban tambaya ba, na gode wa Allah da Ya dawo da ni gida da ƙafata.